Harshen da Ya Rage wa Si Mufaddal

"Ka ce la'ilaha illallah," in ji Lalla Rahimu, bakinta dab da kunnen mijinta. "Mufaddal, ni ce. Ka faɗa."

Si Mufaddal ya buɗe idon da ciwon bai taɓa ba, ya dube ta, ya dube ni, sannan ya saki magana da Sifaniyanci, tas, ko gargada babu.

"Me ya ce, Layashi?"

"Cewa yake kada mutum ya karaya."

"Ni yake gaya wa haka?" Ta goge masa yawu da gefen mayafinta. "Shekara arba'in da shida ban karaya da shi ba, sai yau?"

Kwana tara ke nan da ya faɗi a bakin ƙofa. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kansa. Ta shanye masa ɓarin dama, ta kwashe Larabcin da ya sha a nono, har sunan matarsa. Abin da ta bar masa shi ne karin maganar Sifaniyawa da kalmomin ƙarfafa zuciya da ya yi shekaru yana koyarwa. Ruwa yake so, su ne. Juya shi aka yi ya ji zafi, su ne.

Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a lungunmu na birnin Tatwan, kusa da kan iyaka. Ni da shigo da barguna da sabulu daga Sabta, garin da ke hannun Sifaniyawa, ta bayan 'yan kwastan na ci abinci, don haka Sifaniyancina na ciniki ne da zagi. Shi kuwa yana saurayi ya yi aikin kai abinci a otal ɗin Sifaniyawa, ya kwaso irin na manya masu gogaggen takalmi. Da ya tsufa sai ya mai da zaurensa aji, yana koyar da matan da ake ɗauka aikin gona a Sifaniya. Yawancinsu ko baƙi ba su sani ba, saboda haka bai wahalar da su da littafi ba. Kowace safiya magana ɗaya: ya buga sanda a benci, ya faɗi rabi, su ƙarasa.

Na sha tsokanarsa. "Malam, ka koya musu yadda za su ce a biya su. Wannan zancen naka ba ya cika tukunya."

"Wannan ma suna koya, ɓarawon bargo," yakan ce. "Amma macen da ta sunkuya awa goma a rumfar leda, ba lissafi take nema ba. Abin da za ta riƙa faɗa wa kanta take nema."

Liman ya zo ranar Talata, ya karanta Yasin, ya ce wa Rahimu ta kwantar da hankalinta, Allah zuciya yake dubawa, ba a kama mara lafiya da abin da ya fi ƙarfinsa. Ta ce to. Yana fita ta dawo kunnen Mufaddal.

Na san abin da ke cinta. A wurin mai gasa burodin unguwa mata sun fara cewa mutumin da ya yi shekara goma sha biyu yana zuba wa Nasara giya, ga shi zai tafi da harshensu a baki. Ƙanwarta ce ta kawo mata labarin, har da sunayen waɗanda suka faɗa.

"Ba don su ba," ta ce mini a tsakar gida, tana wanke zanen gadonsa. "Su ci kansu. Amma in aka tambaye shi a can, da wane baki zai amsa?"

"Waɗanda za su tambaye shi sun fi ni da ke jin harsuna."

"Kada ka yi mini wayon kan iyaka, Layashi. Kai yake saurara. Ka sa ya faɗa, ko sau ɗaya ne."

Ranar Laraba na ɗauko sandarsa daga zaure. Na zauna gabansa yadda yake zama gaban matan, na buga ƙafar gado, na ce, "La'ilaha," na jira ya ƙarasa.

Ya gane. Wallahi ya gane. Jijiyar wuyansa ta tashi, leɓensa na hagu ya yi ta motsi, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Rahimu ta daina numfashi. Da maganar ta fito, sai ga ta Sifaniyanci, irin wadda yake ba matan ranar da za su hau jirgin ruwa. Ya ji ta da kunnensa. Ya ɗaga hannun da ke aiki ya doki katifa, ya sake doka, sannan ya juya fuskarsa bango. Ban ƙara taɓa sandar ba.

Alhamis bayan azahar hadari ya taso daga dutse. Rahimu ta ce in zauna da shi, za ta hau soro ta kwashe shanya, don zanen da ya rage mai tsabta duk yana can. Ina jin takunta a sama numfashinsa ya canja. Na taɓa jin irinsa wurin mahaifina. Na kira ta, ƙarar ruwa a kan kwanon maƙwabta ta danne muryata. Na kama hannunsa, na faɗa masa kalmar shahada sau uku a hankali. Ya matse yatsuna. Ya yi magana, gajeriya, da harshen nan dai, wadda yake ba sababbin zuwa a ranar farko. Bai ƙara ba.

Na rufe masa ido. Na miƙar da ƙafafunsa.

Ta shigo rungume da zannuwa, mayafinta ya jiƙe. Ta tsaya a ƙofar ɗaki. Ba ta yi kuka ba.

"Ya faɗa?"

"Ya faɗa."

"Da Larabci?"

"Da Larabci. Har ƙarshe."

Ta daɗe tana kallona. Matar nan ta san ni tun ina ɗaura barguna shida a jiki ina ce wa ɗan kwastan ƙiba ce. Na riƙe idonta yadda na saba riƙe nasu.

"Ba zan ce ka rantse ba," in ji ta. "Je ka gaya wa liman. Ka bi ta wurin mai burodi."

Na tashi ina neman takalmina. Ta ajiye zannuwan a kujera, ta zaɓi wanda ruwa bai taɓa sosai ba, ta sa haƙori ta yago ƙyalle daga gefensa. Ta zauna gefen gadon, ta tallafo haɓar Mufaddal da tafin hannu, ta ɗaure a saman kansa a hankali, tana ture gashinsa gefe kada ƙullin ya kama shi.