Shekarar da Gonar Labo Ba Ta Ga Iri Ba

Filin ƙwallon ƙaramar kwalejin malamai da ke bayan garin Ƙarfi ba fili ba ne, gona ce. Gonar wani dattijo ce mai suna Labo, wanda shi da iyalinsa ba su bar addinin kakanninsu ba, ba su kuma taɓa damun kowa da shi ba. Da damina yakan shuka dawarsa. In ta nuna sai ya yanka jan zakara a gindin tsamiyar da ke bakin gonar, sannan a fara girbi. Ran da aka kwashe dami na ƙarshe, ɗalibai su shigo da fartanya su tumɓuke tushiyar kara, su baje kunyoyi, su kafa sanduna, su ja layi da toka. Duk ranar wasa Labo na gindin tsamiya a zaune. Da an tafi hutun rabin lokaci, matarsa Tani ta fito da masaki cike da kunun sabuwar dawar gonar, 'yan gida da baƙi kowa ya sha.

Mutum ɗaya ne wannan tsari ya tsaya wa a rai, shi ne Malam Tanimu, malamin wasanni na kwalejin.

Gasar kwalejojin yankin rukuni biyu ce. Akwai na Funtua, inda filaye suke na dindindin, ana fara wasa da an dawo hutu a watan Satumba, masu neman 'yan wasa daga manyan kulob suna zuwa kallo. Akwai kuma na su Musawa da Matazu da Ƙarfi, wanda ba a farawa sai an gama girbi, don rabin filayen gonaki ne. Mutanen Funtua ba sa kiransa da sunansa. Rukunin kara suke cewa, suna dariya. Duk ran da Tanimu ya je taro wani ya tambaye shi ko yaransa sun gama cire tsinke a tafin ƙafa, sai ya yi murmushi, ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Ya san yana da yaran da suka fi na Funtua gudu da wayo, amma har su gama karatu ba wanda zai gan su sai awakin Labo.

Da kwamitin gasar ya ce zai sake raba rukuni don a rage doguwar tafiya, Tanimu ya ga ranarsa ta zo. Ya yi ta sintiri a babur zuwa wajen shugaban kwamitin, Alhaji Awaisu, mutum mai faɗin riga da faɗin alkawari.

"Malam Tanimu, ba ni da ja," in ji Alhaji Awaisu. "Ku shigo rukunin Funtua. Amma fa mu a Satumba muke farawa. Kana da fili a Satumba?"

"Za a samu, Alhaji."

"To shi ke nan, an gama."

A Satumba dawar Labo ta fi mutum tsayi. Tanimu ya san da haka tun kafin ya buɗe baki.

Ya sami dattijon yana gyaran jinkar rumbu, hadarin farko na haɗuwa a gabas. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar shanu, ya tambayi ciwon gwiwa, har Labo ya gaji.

"Malam, faɗi abin da ya kawo ka. Ruwa na tafe."

"Baba, so nake bana a bar gonar nan ba shuka."

Labo ya ajiye igiyar da ke hannunsa. Tani, da take surfe a gefe, ta tsayar da taɓarya.

"Tun ubana yana da rai gonar nan ba ta taɓa kwana damina ba iri," in ji Labo. "Ita ke cika rumbun nan. Gonata ta bayan rafi yashi ce, ba ta kai mu bazara."

Tanimu ya iya magana, wannan kam ba a raba shi da ita. Ya kawo motocin Funtua har bakin gonar da baki. Ya kawo masu ɗaukar hoto, ya kawo manyan kulob, ya ɗauki yaron ƙauye ya sa shi a talabijin. Ya ce duk ƙasar Katsina za ta san sunan Labo. Dattijon bai damu da talabijin ba. Abin da ya taɓa shi shi ne cewar da Tanimu ya yi ana yi wa yaran dariya saboda gonarsa.

"Dariya suke musu? Don sun yi wasa a gonata?"

"Wallahi, Baba."

"Maganarka tabbas ce, za su zo?"

"Da bakina shugaban ya ce an gama. Na ba ka amana."

Tani ta ce, "Malam, amana ake tuƙawa a tukunya?" Ta ci gaba da surfenta, da ƙarfi fiye da ɗazu.

Haka aka yi. Ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka, Labo ya wuce gonarsa ta gado da ƙwaryar iri ya nufi yashin bayan rafi. Maƙwabta suka yi ta tambaya ko lafiya. Ita kuwa gonar, da yake ta sha taki shekara da shekaru, ciyawa ta fito mata kore shar. Tanimu da ɗalibansa suka yi ta sassabe suna dannawa, har ta kwanta lif kamar tabarma. Damina ta yi kyau a shekarar, kyan da ya fi ƙona rai, don gonakin da ke dama da hagu sun yi dawar da aka daɗe ba a ga irinta ba.

Ana saura mako guda a fara gasa aka kira taro a Funtua. Tanimu ya sa sabuwar riga ya tafi jin wa za su fara karɓa a gida.

Ashe kwalejojin Funtua sun yi ƙorafi. Sun ce ba za su kwashi yaransu su kai su gona ba, a karya musu ƙafa a kunya. Alhaji Awaisu ya miƙe ya gyara babbar riga, ya ce kwamiti ya sake nazari, kuma don a zauna lafiya kowa ya koma rukuninsa na da.

Tanimu ya tashi tsaye.

"Alhaji, ba gona ba ce yanzu. Ba a shuka ta ba bana. Ku zo ku gani da idonku."

"Haba Malam Tanimu, wa bai san filinku ba? Gona ai gona ce."

"Mutum ya bar abincin gidansa saboda maganarka!"

"To wa ya aike shi? Ni na ce a hana bawan Allah noma?" Ya juya ga sauran. "Sai batu na gaba."

Wani daga baya ya ce ai rukunin kara ma rukuni ne. Aka yi dariya. Daga Funtua zuwa Ƙarfi tafiya ce da ba ta kai a yi guzuri ba, amma a cikinsu ba wanda ya ga ta cancanci man motarsa.

Kwana uku Tanimu yana zagaye ta bayan gari don kada ya bi ta ƙofar Labo. A rana ta huɗu ya je. Ya same shi a gindin tsamiya yana kallon ciyawa. Ya faɗa masa komai, kansa a ƙasa. Ya so a zage shi, ya so a ɗaga masa sanda, ko ya sami abin da zai riƙe.

"Lokacin dawa ya wuce," in ji Labo. "Na wake ma ya wuce." Sai ya tambaya, "Yaran za su yi wasan dai, in an gama girbi?"

"Za su yi, Baba."

"To."

Filin ya zauna wata uku a gyare, ba mai taka shi, yana jiran wasu su gama girbin gonakinsu. Jan zakaran da Labo ya ware tun bazara ya ci gaba da yawonsa a tsakar gida, don babu girbin da za a yanka shi dominsa.

Ranar wasan farko 'yan Matazu ne suka zo. Suna sauka daga mota suka tsaya suna kallo. Malaminsu ya kama hannun Tanimu ya girgiza, ya ce wallahi ko a Funtua bai ga fili mai laushin wannan ba, yaya aka yi? Tanimu ya zare hannunsa. Labo na wurin zamansa, ya rame, rigar ta yi masa yawa.

Aka busa hutun rabin lokaci. Yaran Matazu, da suka saba, suka ruga gindin tsamiya suna ture juna. Ga Tani nan tafe da masakinta a ka, kamar kullum. Ta sauke, ta ɗauke faifan da ta rufe shi da shi. Yaran suka leƙa, suka ja da baya.

Ruwan rijiya ne.

Ta cika ludayi, ta wuce baƙi, ta wuce 'yan gida, ta zo har gaban Tanimu ta miƙa masa.

"Kai za ka fara sha, Malam," in ji ta. "Abin da gonar ta ba mu ke nan bana."