Kanwa a Cikin Zoɓo

Aina'u ta ɗiga ruwan kanwa a kofin zoɓo, sai jan ya fara mutuwa, ya juya kore mai duhu kamar miyar kuka. Ta matsa lemon tsami, jan ya dawo. Ta miƙe zumbur, ta zaga tsakar gida, ta dawo ta sake tsugunnawa. Tun hantsi haka take, kamar kaza mai neman wurin yin ƙwai.

"Wai ke, zoɓon da zan kai kasuwar Tsanyawa ne kike ɓarnatarwa?" Inna ta faɗa daga bakin murhu.

"Inna, bita nake. Gobe ne jarrabawar kemistiri, wadda ake yi da hannu."

"Bita da kanwa? To, Allah ya ba da sa'a. Ki dai rage mini ta miya."

Ba laifin Inna ba ne. Makarantar su Aina'u tana da ɗakin gwaji, har da sunansa a saman ƙofa, amma buhunan takin shugaban makaranta ne ke ɗaukar darasi a ciki. Kayan gwajin kuwa, an ce an taɓa kawo su, an ɗauki hoto, daga nan ko ƙeyarsu ba a sake gani ba. Sai dai Malam Abdulkabir, malamin kemistiri, ya zana dogon bututun gilashi mai famfo a allo, ya ce sunansa biyuret, ya ce idan launi ya canza a rufe famfo. An ce gani ya kori ji, su kam ji kaɗai suka samu. Shi ya sa da ya ambaci cewa zoɓo ma yana canza launi, Aina'u ta riƙe maganar gam.

Da la'asar Baba ya dawo daga gona, ya jingine fartanya, ya dubi yatsunta da suka rine jawur.

"Na faɗa miki, Aina'u, babu maimai. In kin ci, ga makarantar koyon jinya. In ba ki ci ba, ga tukunyar uwarki."

"Na ji, Baba."

Tsoro ya kama ta sosai. Ta haddace komai, amma hannunta bai san komai ba. Yaya famfon yake murɗuwa? In ta murɗa da ƙarfi fa? Ta ɗauko tsinken tsintsiya ta ci gaba da ɗiga kanwa, tana so hannun ya koyi tsayawa daidai lokacin da jan ya juya, don ta san ma'aikaciyar jinya da hannu take auna magani.

*

Da safe suka tarar an kwashe takin, sai warinsa. Ga gilasai a jere a kan tebur suna sheƙi, an aro su daga wata makarantar kuɗi a birni. Murna ta kama Aina'u. Ashe biyuret ɗin siriri ne haka. Ta miƙa hannu.

"Kada wanda ya taɓa," in ji Malam Abdulkabir. "Na aro ne. In ɗaya ya fashe ba ni da bakin magana."

Mai sa ido kan jarrabawar yana ofishin shugaban makaranta, ana ta gaisawa, gaisuwar da ta ƙi ƙarewa. Malam ya juya ga allo ya fara jera lambobin da ya kamata ɗalibai su samo da kansu.

Ramlat, ƙawar Aina'u, ta raɗa mata, "Mun huta, wallahi."

Aina'u ta ɗaga hannu. "Malam, ko ɗigo ɗaya ne, mu gani."

Bai juyo ba. "Rubuta, 'yata. Ni ma haka na yi tawa."

Ta sunkuyar da kai ta kwafa, lamba bayan lamba, da jajayen yatsunta. Har aka karɓi takardu, gilashin da ke gabanta a bushe yake.