Hutun da Ke Tsakanin Waƙa da Waƙa

...to a faɗa a fili mana: na rasa miji, na samu ganguna biyar, faifan tagulla uku, da buhun takardu mai warin busasshen kifi. Abin da ka bar mini ke nan, Kyrmen. Gida dama nawa ne, ni ce autar uwata, a wajenmu kuwa 'ya mace auta ke gadon gida, kai da jaka ɗaya da sandunan kiɗa biyu ka shigo. 'Ya'ya sunan dangina suke amsawa. Don haka kada wani ya yi mini kallon abar tausayi. Ni Aitihun, da nake da rumfar kifi a kasuwar Iewduh tun ba a haifi rabin masu tsalle-tsallen nan ba!

Ga su nan sun cika fili, cikin yayyafi, ko ƙarfe huɗu ba ta yi ba. Wai wasan tunawa da kai. Hotonka a jikin ƙyalle, baki buɗe kamar wanda aka taka wa ƙafa. Sun dasa mini kujerar roba a gefen dandamali, dab da lasifika, haƙorana har kaɗawa suke. Buhun yana tsakanin ƙafafuna. Ban sake shi ba. Ba kuma yanzu ba.

Sau uku Teibor mai jita yana hawo tudun gidana, da girmamawa irin ta garinmu: shi ya ce mini Kong, ni in ce masa Bah. "Kong, takardun jerin waƙoƙin nan muke so, littafi za mu yi na shekara talatin ɗin ƙungiya." Na ce, Bah, littafin rabawa za ku yi ko sayarwa? Ya taya, na yi dariya. Ya ƙara, na miƙa masa kwai, goronmu na nan, na ce ya gaida gida. Mutum da wannan tumbin ya hau tudu sau uku, ai bai kai ƙarshen tayinsa ba. Na ce zan zo da su yau, in ji kiɗan da kunnena, sannan mu zauna.

Takardun da kake liƙawa a ƙasa kusa da ƙafarka ta hagu. Kowane wasa da tasa, da hannunka, wace waƙa za ta bi wace. Kai ke tsarawa, ba mai waƙa ba, ba mai jita ba. Wai mai ganga shi ke riƙe da numfashin jama'a. Nawa na naɗe kifi da su kafin ka kama ni? Ranar har ka yi fushi, kai da ba ka iya fushi ba...

Sun fara, waƙar "Motar Kwal" ke nan. Na san ta tun daga bugun farko. Bayanta "Gobarar Kasuwa", mai gudu kamar an koro ɓarawo. Sannan, yadda aka saba — sannan sai ganga ta yi tsit. Teibor ya ja jita shi kaɗai, a hankali, a hankali, kai ka sunkuyar da kai bayan ganguna, mutane su daina tsalle. Sai tawa ta shigo. "Mai Kwando". Waƙata.

Aji biyu na yi. Lambobi na sani, sunana na sani, sauran kamar tururuwa suke mini. Amma zagayen nan na gani, ɗan ƙaramin zagaye da kake zanawa tsakanin layi da layi. Na ce wannan fa? Ka ce, "Ke ce, Aiti. Nan ake tsayawa saboda ke." Ni kuwa na je kasuwa ina ta hura hanci. Wace mai kifi ce ake tsayar wa da ganga a gaban mutum dubu?

To "Gobarar Kasuwa" ta zo ƙarshe. Bari in gyara mayafi, za su juyo su kalle ni...

A'a.

Me ke nan?

Sabon mai gangan nan, ƙaton da suka ɗauko daga garin Tura, bai tsaya ba. Bai ko ɗaga hannu ba! Ya zarce cikin wata mai gudu, ta uku a jere, ga ta huɗu ta hau kanta, babu kofa babu taga, jama'a kamar za su fasa ƙasa. Ina shirun? Ina jita? Wata shida kacal, ƙasar kabarinka ba ta gama kwanciya ba, sun cire ni? A gabana, a kan kujerar da suka ba ni?

Sun sauko shan ruwa. Na damƙe hannun rigar Teibor.

"Bah, haka ake yi? Ka zo neman takarda, ka share ni daga cikinta?"

"Haba Kong, tana nan, can ƙarshe muka kai ta. Ai shi wannan ba ya buƙatar..."

"Ba ya buƙatar me?"

Ya kalli takalminsa. Ƙato da furfura, yana kallon takalmi kamar wanda aka kama da sata a coci.

"Hutu, Kong. Ƙwayar da Kyrmen yake sawa ƙarƙashin harshe. Na ɗauka bayan rasuwar likita ya..."

Wane likita?

Wane likita, Kyrmen?

Shekara shida, in ji shi. Shekara shida zuciyarka tana... kuma duk sun sani. Mai waƙa ya sani. Mai ɗaukar lasifika ya sani. Waƙa biyu masu zafi, sai a ba ka minti huɗu. Ka sunkuya — ni ina cewa kunya ce, ina cewa tsoho da shi har yanzu yana jin nauyin a rera wa matarsa waƙa — ashe hannu kake kaiwa aljihu.

Bakin buhun nan ya ƙi kwantuwa. Tsaya... ga su. Kwanan wata a sama, wannan na iya. Tsofaffin nan babu zagaye ko ɗaya. Babu. Babu. Wannan mai tabon shayi, zagaye ɗaya. Wannan ɗaya. Nan biyu. Bara waccan, uku. Na Kirsimetin ƙarshe...

Biyar.

Na gan su fa! Ba ɓoye mini ka yi ba, a kan teburina kake zana su, ina gefe ina tsince kifi. Ina kallon suna ƙaruwa. Na ce wa maƙwabciyata a kasuwa, "Mazanku in sun tsufa mantawa suke, nawa ƙara tsayawa yake saboda ni." Na faɗa. Da bakin nan. Har ta murguɗa baki na ji daɗi.

Ni da nake gane kifin da ya kwana cikin damshi daga rumfa uku. Ni da dillalan garin Silchar ke cewa a bi ta bayan layi kada Kong Aiti ta gan mu. Mutum yana kwance a gefena, numfashinsa a bayan wuyana...

Matakalar kasuwa.

A'a, ba yanzu ba. Sun koma sama, sun fara wata, wannan ban santa ba ma.

Matakalar. Safiyar Talata, an yi ruwa, duwatsun suna santsi. Kwando biyu, na ɗora maka babban, igiya a goshi. Ka tsaya a tsakiya, ka dafa bango. Me na ce? Me na ce, Kyrmen? "Mutumin da ke dukan ganga awa biyu ba ya gajiya, kwandon kifi ne zai kayar da shi? Taho, masu saye ba sa jiran mawaƙa." Ka yi murmushi. Ka ce minti ɗaya. Na ce babu. Na wuce gaba, ban waiga ba sai da na ji kifi yana gangarowa ta gefen ƙafata...

Awa biyu ba ya gajiya. Ashe awa biyun a yanke take, gunduwa-gunduwa, abokanka suna riƙe maka ita. 'Yan giya, 'yan dogon gashi, waɗanda ban taɓa bari su wuce baranda ba. Su sun ba ka minti huɗu. Sau biyar a wasa ɗaya. Ni ka roƙi ɗaya.

Me ya hana ka faɗa?

Na sani. Kar ka amsa. Ranar da ka dawo daga garin Jowai kana tari, ina tsaye bakin murhu da ludayi: "Ranar da likita ya ce kiɗan nan na taɓa lafiyarka, kafin ka dawo gida na sayar da gangunan nan, har faifan." Kuma da na sayar. Ka san da na sayar, da tsada ma. Sai ka je ka yi cinikinka a bayana. Kai da ba ka iya sayen albasa ba a cuce ka ba! Ka sayi shekara shida na kiɗa, ka biya da ɗan zagaye da ƙarya ɗaya mai daɗi, ni kuma na karɓa ban ko juya ta na duba ƙasanta ba.

Da na sani da kana nan? Zaune a baranda, babu sanduna, kana kallon ruwan sama kamar kazar da aka ɗaure? Da ka yafe mini? Da dai babban kwandon ni na... da na...

Kaina. Lasifikar nan. Wata yarinya a gaba tana ɗaga mini hannu, tana kuka, ita da ba ta taɓa wanke maka riga ba.

Ga Teibor ya sake saukowa, ya bar mai waƙa yana surutu a makirfo. Ya durƙusa, gwiwarsa har ƙara take.

"Kong, ki yafe mini bakina. Amma ki ji: hutun dole ne, waƙar ba dole ba ce. Muna da masu sanyi guda tara. Mun yi ta faɗa da Kyrmen, mutane sun gaji da ita, ya ce a hutun farko ko 'Mai Kwando' ko ya tashi."

Ko gaskiya ne. Ko irin abin da ake gaya wa gwauruwa ne don ta saki buhu. Ni ma haka nake yi wa mai saye in na ga zai tafi, in laluba masa magana mai taushi. Ta ina zan gane? Ga amsar a hannuna, ɗari biyu da wani abu, baƙi a kan fari, kuma tururuwa ce kawai...

Suna kiransa. Yana cewa in faɗi ko nawa ne, ba zai taya ba, ko nawa. Shekara talatin ina jiran mai saye ya faɗi wannan kalmar.

Na tofar da goron.

"Riƙe kuɗinka, Bah. Kowace Lahadi bayan coci ka hawo tudun nan. Ka shigo ciki, ba baranda ba. Takarda ɗaya za ka karanta mini, layi-layi, wace waƙa, wane gari, a ina ya tsaya, yaya fuskarsa take. Ba ragi, ba gyara. Wadda ka karanta, ka tafi da ita."

"Kong... ai sai mu shekara huɗu."

"Na iya lissafi. Farashin ke nan."