Takardun Hamsatu Mai Kifi

Attahiru ya haura hamsin kafin ya koyi boko. Manomin shinkafa ne a Kende, kuma abin da ya kai shi ajin yaƙi da jahilci shi ne ya gaji da kai wa 'ya'yan mutane takarda su karanta masa. Da ya iya kuma sai ya rasa abin karantawa. Ya karanta rubutun jikin gwangwanin kananzir, ya karanta allon da ke bakin ɗakin shan magani na Bagudo, daga nan abin ya tsaya.

A shekarar da aka sami 'yancin kai, ran wata kasuwar Bagudo, ya sayi soyayyen kifi wurin Hamsatu, wata 'yar masunta mai bin kasuwanni da kwandonta. Ta naɗe masa a takarda. Da ya isa gida, matarsa Sabuwa ta juye kifin a akushi, za ta cusa takardar a murhu sai ya hango haruffa, ya ce ta miƙo masa.

Mai ya jiƙa ta har ana ganin yatsa ta bayanta, amma tana karantuwa. Shafuka ne da aka yago daga wani littafi. Wata yarinya Bilki ta je ɗiban ruwa da tsakar rana, ta leƙa rijiya, aljanin rijiyar ya ga inuwarta ta ba shi sha'awa, ya riƙe. Ta koma gida ba inuwa. Mutanen gari suka fara kauce mata. Wani marini mai suna Sambo ne kaɗai bai guje ta ba. In za ta kasuwa sai ya jera da ita kusa-kusa, inuwarsa ta ishe su su biyu, don kada baƙi su gane.

Attahiru yana karantawa a bayyane ne, don bai iya karatun zuci ba. Bai lura Sabuwa ta daina tankaɗe ba sai da ya kai ƙarshen shafin, inda Bilki ta tsaya bakin marina ta ce, "Sambo, in da gaske kake, to gobe ka..."

Ya juya takardar. Ya sake juyawa.

"Gobe shi yi mi?" in ji Sabuwa.

"Nan ta ƙare."

"Malam, duba da kyau."

"Na duba. Sai ƙayar kifi."

Shekarunsu da yawa tare, 'ya'ya sun yi aure sun watse, hirarsu ba ta wuce ta tuwo da ruwan fadama. Ranar kuwa har aka kira magariba suna gardamar abin da Bilki za ta ce.

Kasuwa ta zagayo, Attahiru ya riga masu tallar fura isa. Ya sayi kifi, ya koma gefe ya warware, ya dawo ya sake saye. A karo na uku Hamsatu ta dube shi ta ce, "Baba, biki aka yi gidanka?"

Kunya ta hana shi faɗa. Yaya dattijo da furfura zai ce yana bin labarin saurayi da budurwa? Ya ce baƙi ya yi.

Shafukan ba a jere suke zuwa ba. Yau a ga Sambo yana zura guga cike da shuni cikin rijiya don ya yi wa aljani toshi, wani makon a koma baya a tarar da Bilki tana ƙarama. Sabuwa ce ta ɗauki nauyin jera su. Ba ta san harafi ba, amma tana gane kowane shafi da irin tabon man da ke jikinsa, ta shanya su a kan faifai ta danne da tsakuwa. Garin kuwa ba a maganar komai sai sabuwar tuta. 'Yan makaranta suna yawo da ƙananan tutoci masu kore da fari, ana taruwa gindin rediyon hakimi. In an tambayi Attahiru ra'ayinsa a majalisa sai ya ce, "Allah shi sa alheri," hankalinsa na can bakin rijiya. Ko a gona, yana korar tsuntsaye daga shinkafa, sai ya tsinci kansa yana kallon inuwarsa a kan ruwa.

Ana cikin haka Hamsatu ta daina zuwa. Kasuwa ta ci ba ita, ta sake ci ba ita. Wata mai daddawa da ke zama kusa da ita ta ce ai ɗiyarta ce ta haihu a Madikali, cikin Dahome, ta tafi wankan jego, kuma da kwandonta ta tafi.

Gidan ya rasa sukuni. Attahiru ya zauna ya tashi, ya ɗauki lauje ya ajiye. Ya maimaita shafukan da suke da su har ya haddace. Shafi na ƙarshe da suka samu ya bar Sambo ne rataye da igiya a tsakiyar rijiya, aljani na tambayarsa abin da zai bayar.

Wata safiya Sabuwa ta ajiye masa kunu ta ce, "Ba ka da ɗan'uwa Lolo, can bakin iyakar Dahome?"

"Ɗanmaliki na can."

"An daɗe ba a gaishe shi ba."

Ya dube ta, ta kau da kai. Ya ce, "Shinkafa ta nuna, Sabuwa. Tsuntsaye."

"Ni ba ni iya kaɗa gwangwani?"

Ya shiga jirgin 'yan kasuwa da ke haura kogin Kwara. Tafiyar ta yi masa tsawo, ana ta tsayawa ana sauke gishiri ana ɗaukar busasshen kifi, shi kuwa ji yake kamar ya karɓi sandar tuƙin. A Lolo ya gaisa da Ɗanmaliki a tsaitsaye, ya ƙi tsayawa cin abinci, ya bi ayarin mata masu ɗauke da ƙwarya zuwa iyaka. Wani jandarma ya tare shi ya yi masa Faransanci, sannan Dandanci, da ya ga ba ya ji sai ya koma Hausa ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Attahiru ya ce kifi zai saya. Jandarman ya dubi kogi, ya dube shi, ya yi dariya ya ce ya wuce.

Ya sami Hamsatu a bakin kasuwar Madikali tana suya. Wannan karon bai ɓoye ba. Ya durƙusa gefen kaskon ya faɗa mata komai. Ba ta yi masa dariya ba. Ta ce wani malamin makaranta ne da aka yi wa canjin gari ya bar littafin cikin tarin takardu, ta kwasa.

"Da ka hwaɗa mini tun Bagudo, Baba, da na ba ka shi ɗungum. Yanzu duk na naɗe ma mutane. Na kai Kurgu, na kai Bahindi."

Ta zazzage kwandon. A ƙasa akwai bangon baya, da shafi ɗaya manne da shi. Na ƙarshe ne.

Ya yi niyyar sai ya koma gida su karanta tare. Niyyar ba ta kai shi ko bakin iyaka ba. Ya tsaya gindin wata tsamiya ya buɗe. Ana biki, Bilki ta fito tsakar rana inuwarta na biye da ita, mata na guɗa. Ya ji daɗi har ya yi murmushi. Sai ya kai layin da aka ambaci ango. Manu.

Ya sa yatsa ya bi haruffan ɗaya-ɗaya, ko idonsa ne. Manu ne. A duk shafukan da ke kan faifan Sabuwa babu wani Manu. Sambo kuwa ko sunansa babu a shafin.

Ya shiga jirgin komawa. Ya yi tunanin ya jefa takardar cikin Kwara ya ce bai samu ba. Ya yi tunanin in ya zo karantawa ya ce Sambo, tunda ba za ta gane ba. Da ya iso ya tarar tsuntsaye sun yi wa gefen gonar ɓarna, Sabuwa ta dishe don ihu. Ya dubi yadda ta yi baƙi da rana, ya zauna ya karanta mata yadda aka rubuta.

Sabuwa ta ce, "Wane na Manu?"

"Ni ma shi nike tambaya."

"Bayan wanga yaro ya shiga rijiya saboda ita?"

Ta tashi ta shiga ɗaki, ranar ba ta ci tuwo ba. Kashegari ta yafa mayafi ta tafi Kurgu wurin ƙanwarta Lami. Daga nan magana ta bi mata: duk wadda ta sayi kifin Hamsatu ta duba ko takardar na nan. Yawanci an hura wuta da su. Amma wata ta liƙe tsagar ƙofa da tata, wata ta ƙulle irin kuɓewa a ciki, wata a Bahindi ta adana don ta ga rubutu ta zaci abin girmamawa ne. Har aka gama sussukar shinkafa shafuka na isowa, wasu rabi, wasu ɓera ya taɓa.

Ba su sami duka ba, amma sun sami wanda ya warware musu. Abin da Sambo ya ba aljani tasa inuwar ce. Da ya fito ya ga yadda gari zai koma gudun Bilki in ta aure shi, sai ya bar garin ba sallama. Manu mai jirgi ne da ya ƙetarar da shi, ya dawo wa Bilki da saƙonsa.

Sabuwa ta share ido da bakin zane ta ce Sambo ya yi abin da ya dace, kuma mutum ne. Attahiru ya ce sam. Ai da ya tsaya, sai Bilki ita ma ta jera da shi inuwarta ta ishe su. Wanda ya rubuta littafin, in ji shi, bai san zaman aure ba.

"Kai ka sani?" ta ce.

"Na hi shi sani."

Ba su taɓa daidaitawa a kai ba. Da rani ya shiga, Attahiru ya ji an ce a Birnin Kebbi akwai mai tebur da ke sayar da irin waɗannan littattafai da bangonsu, ya fara tambayar ranar da mota ke tashi. Sabuwa ta ce in ya tashi saye ya ƙirga shafukan a gaban mai teburin, kuma kada ya kuskura ya leƙa ƙarshe a hanya.