Sai An Wuce Gada

Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan babbar mota tsakanin garinsu da wani gari mai nisa, kuma kowa a gidan ya san halinsa: ba ya yanke magana mai nauyi sai a hanya, a hanyar ma sai an wuce gada. Gadar tana tsakiyar tafiya. A can ya amince da auren ɗansa, a can ya yanke shawarar ajiye tuƙi.

'Yarsa, wadda yake kira Uwata, ma'aikaciyar jinya ce. Asibitin wancan garin ya ba ta aiki, kuma yau ce ranar ƙarshe da za ta je ta ce ta karɓa ko ta bari. Tun rasuwar mahaifiyarta ita ke kula da shi, ba za ta tafi ba sai da yardarsa. Da ta tambaye shi, cewa ya yi su hau hanya tukuna.

Ta nuna masa tikitin jirgin sama. Ya haɗa bargo, buta, tocila da fulas ɗin shayi, yadda ya saba. Filin jirgin ɗaki ɗaya ne, da kujerun roba da fanka mai kuka. A bakin ƙofa aka karɓe fulas ɗin. Ya ce wa mai binciken ya sha da lafiya, amma ya wanke.

Jirgin ƙarami ne. Baba ya yi kokawa da bel ɗin kujera, ya ce wannan direban yana da garaje wajen ba da wuta, ya leƙa taga ya ga gajimare kawai. Aka kawo shayi a ɗan kofi. Ya ce ya yi zafi, ya shiga hurawa. Ita dai tana zaune, ba ta tayar da maganar ba. Ta san in aka matsa masa, a'a za a samu.

Can sai aka sanar cewa za a sauka.

"Wani abu ya lalace ne?" in ji Baba.

"Mun iso."

"Ina gadar?"

"Tana baya, Baba. Kana hura shayi muka wuce ta."

Ya sake leƙa taga. Hanyar nan ce fa da yake kamawa tun da asuba, ya isa da fitila a kunne, bayansa kamar an daka. Ya taɓa kofin, da sauran ɗumi. Ma'aikaciyar jirgi ta miƙo hannu za ta karɓa, ya ce ta dakata, ya shanye.

Sai da tayoyi suka taɓa ƙasa ya juyo.

"Uwata, garin da ake isa shayi bai huce ba, ai unguwa ce. Je ki karɓi aikinki."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta kwance masa bel. Suna sauka daga matakala ya tambaye ta ko a komawa za a ba shi fulas ɗinsa.