Direban Da Ya Daina Faɗa

Allura uku ne a bakin Tela, tana durƙushe tana daidaita bakin rigar wata ma'aikaciyar banki, sai ga yayanta ya faɗo shagon, ko sallamar bai ƙarasa ba.

"Tashi ki rufe shagon nan ki biyo ni," in ji shi.

Ta zare alluran ɗaya bayan ɗaya ta soke su a gefen zanenta. "Yaya, lafiya? Wa ya rasu?"

"Ai gara a ce rasuwa ce. Mijinki ya bar addini."

Ma'aikaciyar bankin ta ce za ta dawo gobe, amma ta yi minti biyar tana neman takalminta da ke gabanta, ko za ta ƙara jin wani abu.

Yaya batirin mota yake sayarwa. Shekara biyu da suka wuce ya sayi babbar waya, tun daga ranar kuwa babu abin da zai faru a dangi bai yanke masa hukunci ba, daga tsawon wandon yara har zuwa irin man goge baki. A bayan idonsa ana ce masa Mufti. Da labarin ya kai kunnensa bai gane zolaya ba ce, sai ya fara amsawa.

Mijin Tela kuwa direban bas ne, a tasha Gobara suke kiransa, kuma ba su yi masa ƙage ba. Shekara goma sha tara tana zaune da shi. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, amma bakinsa bai bar kowa ba. Yana faɗa da ƙofa idan ta ƙi buɗuwa, yana faɗa da rediyo, ya taɓa zagin buta don ta yi jinkirin tafasa. 'Yan matansu biyu tun suna ƙanana suka iya gane ƙarar takalminsa, da sun ji sai su rage muryar talabijin su nemi abin yi.

Wata uku ke nan da ya kife a kan sitiyari a tsakiyar cunkoso, yana cikin gaya wa wani mai babur asalinsa. Likita ya ce hawan jini ne. Ya ba shi ƙwayoyi, ya kuma tura shi wani aji da ake yi a asibitin ran Asabar da safe, inda wata tsohuwar nas take koya wa masu irin ciwonsa zama shiru suna bin numfashinsu. Ba ta ɓoye musu komai ba. Ta ce dabarar daga koyarwar Buda aka samo ta, wani mai addini na ƙasashen gabas, wanda bai so ba ga ƙofa nan. Direba bai fita ba. Har ma ya tambaya wane ne mutumin, ta ba shi wani ɗan littafi.

Daga nan sai ya zamana bayan ya idar da sallar asuba yakan ƙara zama minti goma, ido a rufe. A mako na uku Tela ta zubar masa da shayi a wandon aiki, ta tsaya tana jiran tsawa. Ya dubi wandon, ya ja numfashi, ya ce, "Akwai wani a goge?" Ranar sai da ta shiga bayi ta yi kuka, ita kanta ba ta san na mene ne ba.

Jiya ne ta yi kuskuren ba ƙanwarsu labarin, da nufin yabo. Kafin gari ya waye maganar ta shiga zauren dangi na waya, kowa ya ɗora mata abin da ya samu.

"Ina littafin?" in ji Yaya.

Gidan yana bayan shagon, ta shiga ta ɗauko. Yaya ya ƙi taɓa shi. Ya buɗe baƙar leda ya ce ta jefa a ciki, ya ƙulle, ya riƙe da yatsa biyu nesa da jikinsa kamar mataccen ɓera.

"Ka karanta ne, Yaya?"

"Allah ya kiyaye! Na dai saurari bayani a kansu, na minti huɗu, ya ishe ni. Ki sani, idan abin ya tabbata babu aure a tsakaninku. Yau a gidana za ki kwana, ke da yaran."

Ta san Yaya. Abin da ya fara da dariya yakan ƙare da akwati a bakin ƙofa.

Limamin unguwar tsohon malamin makaranta ne, tun da ya yi ritaya ya buɗe kantin buga takardu kusa da ofishin ruwa. Can Yaya ya ja ta, suka tarar da shi yana fama da injin da ya cinye takardar wani. Gwaggonsu ta riga su zuwa, tana zaune a kan benci da carbi, idanu jajur.

"'Yar nan, ashe abin da ya same ki ke nan?" ta ce. "Shi wannan Budan, ɗan wace unguwa ne? A kai shi ga hukuma mana."

"Gwaggo, ya mutu tun kafin annabi Isa," in ji Liman daga bayan injin.

"To ya mutu ma bai bar mutane sun huta ba?"

Ba a jima ba Direba ya iso, an kira shi daga tasha ya bar wa wani motar. Ya yi sallama, ya gaishe da Gwaggo har ƙasa, ya miƙa wa Yaya hannu. Yaya ya sa nasa a aljihu. Direba ya dubi hannunsa da ke a miƙe, ya mayar da shi a hankali, ya zauna.

"Kun gani ko?" in ji Yaya. "Da can ne da tuni ya tara mana jama'a. Wannan sanyin ba na lafiya ba ne."

Liman ya goge tawada a hannunsa, ya kwance ledar, ya ɗauko littafin da hannu biyu, Gwaggo tana salati. Ya jujjuya shi, ya gyara tabarau.

"Malam Direba, kana sallah?"

"Biyar, Malam. Ta asuba ma yanzu a jam'i nake samunta, ai kana ganina."

"Ina ganinka. Ka taɓa yi wa wani abu sujada ban da Allah? Gunki, hoto, wani abu?"

"Subhanallahi. A'a."

"To me kake yi idan ka zauna ɗin?"

"Ba na yin komai. Numfashi yana shiga ina ji, yana fita ina ji. Idan tunanin tasha ya zo sai in bar shi ya wuce."

"Me kake karantawa a ranka?"

"Babu. Wani lokaci dai salati yakan zo bakina da kansa."

"Littafin fa?"

"Rabi na karanta. Mutumin ya ce yawan kwaɗayi da fushi su ne suke jawo wa ɗan Adam wahala. Wannan kam na yarda, don kullum ina gani a tasha. Akwai kuma inda aka ce mutum yana mutuwa a sake haihuwarsa ya dawo. Nan na ce a'a, ba haka aka koya mana ba, na juya shafi."

Yaya ya miƙe zumbur. "Kun ji da kunnenku! Ya yarda da rabi!"

"Kai ma ka yarda da wannan rabin," in ji Liman. "Ko kwaɗayi da fushi alheri ne a wurinka?"

"Ba daga bakin wancan zan ji ba!"

"To ka ji daga nawa, don na faɗa a huɗuba fiye da sau ashirin, kana sahun gaba kana duba waya." Liman ya ajiye littafin. "Ku saurara. Karanta abin da wasu mutane suka yi imani da shi ilimi ne, ni kaina na karanta a kwaleji, har jarrabawa na rubuta a kai, ga ni nan ina ja muku sallah. Ibada kuwa ta Allah ce shi kaɗai, ba a haɗa shi da kowa. Ranar da ya fara rusuna wa wani abu, ko ya ɗauki aƙidarsu ya bar tamu, ku zo ku kira ni da gudu. Amma numfashi ba na wani addini ba ne. Allah ne ya ba shi kayansa."

Tela ta ji kamar an sauke mata buhu daga ka. Sai dai a daidai lokacin Liman ya lura Yaya ya ɗaga waya yana ɗaukar maganarsa. Ya yi tari. Ya gyara zaman hularsa. Muryarsa ta canza, ta koma irin ta mai magana da mutum dubu da bai gani ba.

"Amma fa, duk da haka, ana so a yi taka-tsantsan. Abu ne mai buƙatar bincike. Malamai sun yi maganganu. Barin abin da ake shakka a kansa ya fi."

"Alhamdulillahi," in ji Yaya, ya kashe wayar. "Barinsa ya fi. Kowa ya ji."

"Ba haka kaɗai na ce ba."

"Shi ne na ƙarshe, Malam, kuma shi na ɗauka." Ya juya ga Direba. "Sai ka yi rantsuwa a gaban Liman ba za ka ƙara wannan zaman ba, ba za ka ƙara taka ajin nan ba."

"Yaya, likita ne ya tura ni," in ji Direba a hankali. "Jinina ya sauka. Ka tambayi ƙanwarka yadda gidan yake yanzu."

"Ita zan tambaya? Ita da ta ga mijinta yana zamewa ta yi shiru wata uku don an daina yi mata tsawa? Ta sayar da lahirarta saboda kunnenta ya huta!" Ya fizgi jakar Tela daga cinyarta, ya kama ta a dantse. "Wuce mu tafi. Yaran ma daga makaranta gidana za a kai su. Ba za su tashi a hannun uwa marar kishin addini ba."

Tela tana kallon mijinta. Ta ga ya rufe ido. Ta ga ƙirjinsa ya ɗaga sau ɗaya, sau biyu. A na uku bai sauka ba.

"Sake ta!"

Tsawar ta sa wani da ke wucewa a waje ya yar da takardunsa. Kafin kowa ya motsa Direba ya cukuikuye wuyan rigar Yaya ya manna shi da injin.

"Kai wane ne? Kai, mai sayar wa mutane mataccen batir kana rantsuwa sabo ne! Sau biyu ka sayar mini, na yi shiru saboda ita! Ina ka yi karatun? A wace makaranta? Fatiha ma sai ka ci rabinta! Da na faɗi a mota kwana shida ina asibiti, ka zo? Saƙon murya ka turo, na minti tara, kana gaya mini ciwo kaffara ne! Ka ƙara taɓa matata ka gani, wallahi sai an kwashe ka a cokali!"

Ya ci gaba. Ya bi ta kan wayar Yaya, ya bi ta kan gemunsa, ya bi ta kan tsohuwar motarsa da ba ta tashi sai an tura. Fushin wata uku da aka tara ya fito gaba ɗaya, babu abin da ya lalace a ciki. Mutanen ofishin ruwa suka cika bakin ƙofa. Da ƙyar Liman ya ɓamɓare hannunsa.

Sai Gwaggo ta ɗaga hannu sama, hawaye na zuba.

"Alhamdulillahi! Ya dawo hayyacinsa! Wannan shi ne yaron da muka ba 'yarmu!"

Yaya ya gyara wuyan rigarsa da ya yage, yana haki, amma fuskarsa fal murmushi. "Kun ga amfanin nasiha," ya ce. "Ni ban riƙe shi a zuciya ba. Abin da ke jikinsa ne yake fita." Ya miƙa wa Tela jakarta. "Koma ɗakinki, na yafe." Kafin su kai titi har ya fara yi wa dangi saƙon murya cewa da ikon Allah an shawo kan al'amarin.

Liman ya ce a bar masa littafin zai duba. Ya sa shi a aljihun tebur, ba a cikin leda ba.

A hanyar gida Direba ya zagi masu babur biyu da wani kare. Ƙofar gidan ta ɗan cije, ya sa mata ƙafa. Amma da ya shiga ɗaki sai ya zauna a bakin gado. Tela ta ga jijiyar wuyansa ta tashi tana bugawa kamar ranar da aka kai shi asibiti. Ta kawo masa ƙwayarsa da ruwa, ya haɗiye.

"Wata uku," ya ce, bai ɗago ba. "A minti ɗaya na zubar."

"Batirin nan, da gaske sau biyu ne?"

"Uku. Na rage masa ɗaya."

Dariya ta kusa ƙwace mata, ta danne. Wayarta ta fara ƙara, ta duba, ƙanwarsu ce, bayanta kuma saƙo goma sha ɗaya na barka. Ta kashe wayar ta jefa a jaka. Ta sauke labulen taga, ta rage gudun fanka.

"Gyara zama," ta ce. "Rufe idon."

Ya dube ta. "Idan wani ya shigo fa?"

"Ni ce a ƙofa."

Ta ja ƙofar ta rufe, ta ɗauko rigar ma'aikaciyar banki da zare da allura, ta zauna a kan dakalin bakin ɗakin ta miƙe ƙafafunta, ta tare hanyar gaba ɗaya.