Wa Ya San Gidan Bushiya?

Ni ko baƙi ɗaya ban iya karantawa ba, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Wayata ce ke yi mini karatu. Saƙo ya shigo, in danna koren nan na gefe, sai wata murya ta karanto mini shi da Hausa tiryan-tiryan. Kafin a sa mini ita matar ɗana ce ke karanta mini. Mace ce mai kirki, ba ni da abin cewa, sai dai in ta karanta mini saƙo da safe, kafin azahar maƙwabta sun fara shigowa yi mini jaje ko barka. Shekara huɗu ke nan da na huta.

Jikata ce, 'yar ɗan nawa, ta ƙera abin. Injiniya muke ce mata tun tana ƙarama, ranar da ta kwance rediyon kakanta ta kasa mayarwa. Ita da abokan aikinta biyu suna zama a ɗakin sama na gidana: teburi uku, fanka ɗaya mai kuka, wayoyin lantarki a ƙasa kamar saiwar bishiya. Akwai Dogo, wanda in ya miƙe sai ya kauce wa fanka, akwai kuma Mai Tabarau, wanda ko wuta ce ta kama rigarsa sai ya ce a bari a ga yadda za ta kaya.

Manhajar kyauta ce, kuma ba su kaɗai ke yin ta ba. Mutane ne barkatai a duniya, kowa ya sa hannu in ya samu sarari. Akwai wani wuri a intanet da suke tara aikin. Su da sunan da suke kiransa, ni rumbu nake ce masa. Kowa ya rubuta nasa ya kai can, a duba, a yi gardama a ƙarƙashinsa, sannan a haɗa da na sauran. Wanda ke kula da muryar kuwa, Bushiya suke ce masa. Duk sanda wayoyi suka sabunta kansu muryar ta shaƙe, Bushiya ne ke buɗe mata maƙoshi. Ni dai ban taɓa ganinsa ba, amma ina sa shi a addu'a.

Ran wata Talata da hantsi na hau musu da shayi, tun daga matakala nake jiyo Dogo.

"An sayar da mu! Wallahi an sayar da mu kamar awaki!"

Na ce, "Nawa aka ba da a kanka? Ko da tsayi ake aunawa?"

Injiniya ta karɓi butar, ta ce, "Kaka, rumbun nan ne. Wani katafaren kamfani ya saye shi, yau aka sanar."

Dogo ya ce kamfanin nan ya taɓa sayen wurare biyu irin wannan, ya tatse su, ya rufe. Mai Tabarau ya gyara zaman tabaransa ya ce ai wancan zamani ne, shugabanninsu ma an canza, kuma ga shi sun fitar da takarda cewa ba abin da zai sauya.

Na ce, "Wa ya tambaye su?"

"Ba kowa, Kaka."

"To. Baƙo ya shigo ɗakinka, bai ko zauna ba ya fara rantsuwa ba zai taɓa maka komai ba. Ni dai sai in matso da jakata."

Dogo ya buga tebur. "Ka ji ko? Kaka ma ta gane!"

"Kar ka sa ni a rundunarka tukuna," na ce, na ja kujerar roba na zauna. Gwiwata ba ta son hawa da sauka a jere.

Shawarar Dogo ita ce a tashi yau ɗin nan. Ya ce tun asuba ya kafa musu nasu ɗan rumbun a wani wuri. Kowannensu yana da kwafin aikin gaba ɗaya a kwamfutarsa, haka tsarin yake, don haka ba abin da za a rasa. A kwashe, sannan a goge na tsohon wurin ƙaf, kada kamfani ya ci gumin mutane, kuma duniya ta ga sun yi fushi. Mai Tabarau ya ce a zauna, inda mutane suke nan ake kasuwa. Suka yi ta yi har shayi ya huce. Mabuɗin shafinsu na rumbun yana hannun Injiniya, ita ta fara aikin, ita kaɗai ke iya gogewa. Na ga tana cizon leɓe irin na ubanta. Can ta ce, "Mu tashi. In muka bar biyu, mutane za su rikice, wani ya kai aiki nan wani can. A goge."

Ta juya ga kwamfuta. Ban iya karatu ba, amma na san ja. Wani jan akwati ya fito, ta ce yana so ta rubuta sunan aikin da hannunta don ya tabbata da gaske take. Ta fara dannawa.

Na ce, "Wa zai gaya wa Bushiya?"

Dogo ya ce, "Za mu sa sanarwa, Kaka."

"A ina?"

"A shafinmu mana."

"Wanne? Wanda take gogewa?"

Hannun Injiniya ya tsaya. Fanka ta ci gaba da kukanta.

Na ce, "Ba komai, ku buga masa waya."

Suka kalli juna.

"Ba ku da lambarsa? To a wane gari yake? Namiji ne ma ko mace?"

Injiniya ta ce, a hankali, "Ba mu sani ba, Kaka. Bushiya dai yake rubutawa, da hoton bushiya."

"Shekara nawa kuna aiki tare?"

"Shida."

Mai Tabarau ya shiga bincike da sauri, ya ce ai kowane aiki da adireshin mai shi a jiki. Ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Adireshin da ke jikin aikin Bushiya na rumbun ne, irin wanda yake ba mutum in ba ya son a san nasa. Suka ƙirga masu sa musu hannu, mutum talatin da huɗu. Waɗanda za su iya nema a wajen rumbun, bakwai. Sannan Injiniya ta tuna wani abu, ta dafe kai: kwafin da Dogo ke taƙama da shi na aikin ne kawai. Gardamar shekara shida, wa ya ce a yi kaza, me ya sa aka fasa kaza, ƙorafin makafi da ke amfani da abin, duk a jikin rumbun suke, ba a kwamfutar kowa ba.

Na ce musu ni ma na taɓa gani. Sanda nake ɗinki, wani mai kuɗi ya sayi layin shagunanmu gaba ɗaya. Masu zuciya suka kwashe kekunansu a ranar, masu kawo ɗinki suka zo suka tarar da kwaɗo a ƙofa, suka wuce gaba. Masu yarda suka miƙe ƙafa, bayan shekara da rabi aka watso musu kaya. Ni na zauna ina gaishe shi da fara'a kullum, kuma duk wadda ta kawo mini yadi sai na kwatanta mata gidana, har da launin ƙofa.

Dogo ya ce, "Kaka, wannan fa ba shagon ɗinki ba ne."

"Na sani, ɗan nan. Mu mun san sunan mutanenmu."

Injiniya ta rufe jan akwatin. Suka rubuta sanarwa a tsohon wurin: mun buɗe sabon gida, ga hanyarsa, kowa ya bar mana inda za a same shi, nan da mako biyu za mu yanke shawara. Mai Tabarau ya zauna kwashe gardandamin nan ɗaya bayan ɗaya.

Mutane suka yi ta amsawa. Wasu suka ce madalla, wasu suka ce tsoro ne ya yi musu yawa, wani ya rubuto zagi mai tsawon da Injiniya ta ce ko ta fassara mini ba zan ƙaru ba. Bushiya shiru. Kullum Dogo sai ya ce a goge kawai, mai son zuwa zai nemo su. Kullum Injiniya sai ta ce mako biyu ta faɗa.

Rana ta tara, wayata ta sabunta kanta ba da izinina ba. Saƙo ya shigo, na danna kore, sai ƙiii, kamar an taka kyanwa. Na hau sama. Injiniya ta yini a kai, Dogo ya taya ta. Zuwa la'asar sun samu ta yi magana, amma irin maganar mutumin da ke nutsewa a rijiya.

Injiniya ta ce, "Kaka, kawo in karanta miki."

"A'a."

"Ni ce fa."

"Ke ɗin. Ke da uwarki bakinku ɗaya."

Na sa wayar a aljihun zane na ɗaure. Saƙo uku suka taru a ciki. Ina jin ta tana girgiza a cinyata, ina yi kamar ban ji ba. Matar ɗana ta leƙo sau biyu tana tambayar ko akwai abin da za ta taimaka da shi, na ce ta taimaka ta ja mini ƙofa.

Rana ta goma sha biyu da safe, Injiniya ta ƙwala mini kira daga sama. Bushiya ya bayyana a tsohon wurin, da gyaran murya a hannu da 'yar wasiƙa. Ta karanta mana a fili:

"Ku yi haƙuri da shiruna. Ni ma'aikaciyar kamfanin da ya sayi wurin nan ce, shekara goma sha ɗaya. An hana mu cewa uffan sai da aka gama sa hannu. Wannan aikin a ranakun hutuna nake yin sa, mahaifina ba ya gani. Ban san abin da manyanmu za su yi da wurin nan ba, kuma duk wanda ya ce muku ya sani, faɗa kawai yake. Ku ajiye komai a wuri biyu. Ga adireshina na gaske."

Na ce, "Ashe mace ce. Shekara huɗu ina roƙa mata mata ta gari."

Mai Tabarau ya yi dariya har da tari. Dogo bai yi ba. Ya ce, "'Yar cikinsu ce. Shekara shida muna haɗa aikin 'yar cikinsu. Wa ya san abin da ta cusa mana?"

Injiniya ta ce, "Kai ke duba aikinta kafin a haɗa. Ka taɓa ganin wani abu?"

"Ban nema da wannan idon ba."

Na ce, "To nema. Ido naka ne, yini na Allah ne. Ni na yi kwana uku ba murya, zan iya ƙara rabin yini."

Dogo ya ja kujera. Ya bi gyaran nan layi-layi da yatsa a jikin gilashi, ya koma tsofaffin da ta aiko shekarun baya, ya bi su su ma. Abinci ya zo ya huce a gefensa. Sau ɗaya ya ce "Yawwa!" muka taso, sai ya ce a'a, wannan kuskuren nasa ne, ita ce ma ta gyara masa bara.

Bayan la'asar ya miƙe, ya kauce wa fanka, ya ce, "Ba komai a ciki. Amma kamfaninsu ban yarda da shi ba, ko gobe."

Injiniya ta ce, "Ba wanda ya ce ka yarda. Ita fa?"

Ya zauna ya haɗa gyaran da hannunsa, a sabon wurin da tsohon duka, ya rubuta mata wani abu gajere. Na tambaya me ya ce, Injiniya ta ce godiya ce, da tambayar ko za ta riƙe mabuɗi ɗaya na sabon gidan. Aka bar tsohon a buɗe, da hanyar sabon a rubuce a samansa, Mai Tabarau kuma aka ɗora masa kwashe gardama duk ƙarshen mako.

Injiniya ta sa mini gyaran a waya. Na sauka a hankali, na shiga ɗakina, na tura ƙofa har da sakata, na danna kore. Muryar ta fito tas. Saƙo ɗaya na kamfanin waya ne, suna so in sayi waƙa. Biyu na ƙanwata ne. Na saurare su sau bibbiyu, na kira ta, muka yi awa guda muna zagin wanda ya cancanta.